Civil 3D, QGIS da SWMM a aikin tsara unguwa: abin da na gani bayan haɗa su

Duk wanda ya taɓa shiga unguwar awon igiya a bayan garin Kano cikin watan Agusta ya san abin da rashin tsari ke jawowa. Lungu yakan koma rafi, ruwan gidan da ke tudu ya kwarara zauren wanda ke gangare, maƙwabta su ƙare damina suna kai ƙarar juna wurin mai unguwa. Aikin injiniyan da aka damƙa wa gona domin ya mayar da ita unguwa shi ne ya hango wannan tun kafin a kafa turke ko ɗaya, kuma a yau mafi yawan wannan hange a kan kwamfuta ake yin sa. Na daɗe ina irin wannan aiki a wani ƙaramin ofishi, kuma manhajoji uku na fi dogara da su: Civil 3D na kamfanin Autodesk, da QGIS, da SWMM. Ra'ayina shi ne kowacce ta iya aikinta, amma inda ake samun nasara ko asara shi ne wajen miƙa aiki daga ɗaya zuwa ɗaya.

QGIS nake fara buɗewa, tun ranar da mai fili ya zo da takardunsa. Kyauta ce, Gary Sherman ne ya fara ta a shekarar 2002, kuma ba ta da nauyi a kan kwamfuta. A cikinta nake ɗora iyakar filin a kan hoton tauraron ɗan Adam, in ga ina hanya ta biyo, ina kududdufi yake, ina layin wutar lantarki ya ratsa, sannan in sauko da bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda aka tattara daga sararin samaniya a shekarar 2000, domin in gane daga wane ɓangare ruwan makwabtan gonaki yake gangarowa. Waɗannan bayanai kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar kimanin mita 30 ne, saboda haka sun isa a fahimci yanayin yanki, amma wanda ya ɗora zanen kwata a kansu ya yi ganganci. Don zane na gaske babu makawa sai safiyo ya je filin da na'urarsa.

A nan ne gaɓar farko take, kuma ita ce ta fi cin mutane. Tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun filaye masu yawa a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tsohon tushen da ake auna matsayin wuri a doron ƙasa daga kansa, alhali GPS da hotunan tauraron ɗan Adam a kan WGS 84 suke, kuma tazarar da ke tsakanin ma'aunan biyu takan kai gomman mitoci a ƙasa. Ga kuma batun shiyya: Kano da Kaduna da Abuja suna shiyya ta 32 a tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Sakkwato tana ta 31, Maiduguri kuma ta 33. Akwai lokacin da aka kawo mana awon wani fili ba tare da an rubuta ma'aunin da aka bi ba, muka ɗora shi a kan hoto, sai ga layin fulotai guda ya faɗa cikin gonar maƙwabci, har da bishiyar ɗorawarsa a tsakiyar abin da muka ɗauka titi ne. Awon safiyon daidai yake, hoton ma daidai yake, ma'aunin ne ya bambanta. Tun daga ranar ba na karɓar fayil sai an gaya mini ma'auninsa a rubuce, kuma a wannan fanni QGIS ta fi sauran sauƙin sha'ani, domin tana nuna lambar ma'aunin a ƙasan allo kullum, tana kuma juya bayanai daga wannan zuwa wancan ba tare da wahala ba.

Civil 3D ita ce ƙashin bayan aikin. Safiyo yakan turo awonsa a fayil na jerin lambobi, kowane layi ɗauke da lambar ɗigo, da nisansa arewa, da nisansa gabas, da tsayinsa, da bayaninsa. Wajibi ne a lura da wanda ya riga zuwa tsakanin arewa da gabas, domin manhajar tana karɓar tsarin biyu, PNEZD mai fara da arewa da PENZD mai fara da gabas, kuma idan aka zaɓi wanda ba shi ba filin zai juye ya koma wani wuri daban. Daga waɗannan ɗigogi take ɗinka shimfiɗar ƙasa da ƙananan kusurwoyi uku-uku, kuma a kan wannan shimfiɗa komai yake hawa: layin tsakiyar titi, hawa da gangarensa, faɗinsa da kwatocin gefensa, da fulotai.

Abin da ya sa nake ganin ta cancanci kuɗinta shi ne yadda sassan zanen suke riƙe da juna. Idan mai fili ya dawo ya ce a matsar da babban titi saboda yana son fili na masallaci da makaranta a tsakiya, ba sai an sake komai daga farko ba. Ana jan layin titin, sai tsayinsa ya sake karanta ƙasa, jikin titin ya sake ginuwa, lissafin yanka da ciko ya canza. Wannan lissafi kuwa shi ne kuɗi tsantsa, domin shi ke nuna tifa nawa ta jar ƙasa za a saya da kwana nawa katafila za ta yi a wurin, kuma sau da yawa sauke titi da 'yan santimitoci kan rage ciko fiye da yadda ɗan kwangila zai zata. Yankan fulotai ma haka yake: ka ba ta faɗin fuska da mafi ƙarancin girma, misali hamsin da ɗari da aka saba, wato kimanin mita 15 da mita 30, ta jera su a gefen titi ta sa musu lamba. Fulotan kusurwa da na lanƙwasa ne kaɗai sai an bi su da hannu.

Tana da nata nauyin. A kan Windows kaɗai take aiki, tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma tun shekarar 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, sai dai a riƙa biyan kuɗin haya, abin da ke da zafi ga ofishin da ke karɓar naira yana biya da farashin dala. Ɗalibai suna iya samun lasisin karatu kyauta, amma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Masu neman madadi suna duba Carlson ko BricsCAD, waɗanda su ma suna karanta fayil ɗin DWG, wato nau'in fayil ɗin zane na Autodesk. Sannan ƙa'idojin zanen titi da take zuwa da su na hukumar AASHTO ta Amurka ne, don haka sai injiniya ya zauna ya daidaita su da littafin ƙa'idojin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da sharuɗɗan hukumar tsara birane ta jiharsa, kamar KNUPDA a Kano.

Batun ruwa ne ya sa ban tsaya a kan Civil 3D ita kaɗai ba. Gona tana shan ruwan sama, unguwa kuwa tana zubar da shi, domin kwanon rufi da daɓen siminti da kwalta ba sa tsotsar komai. A ɗauki misalin fili mai hekta 10 da aka yi masa ruwa mai ƙarfin milimita 100 a awa. Da lissafin da injiniyoyi suka saba, idan kashi 20 cikin ɗari ne ke gudu lokacin da yake gona, abin da zai fita ya ɗan haura rabin kubik mita a daƙiƙa. Idan aka gine shi har kashi 70 ya koma gudu, abin ya kusa kubik mita 2 a daƙiƙa, kuma duk wannan ruwa dole ya sami kwalbatin da zai ɗauke shi da wurin da zai zuba ba tare da ya cinye gidajen da ke ƙasa ba. Civil 3D tana zana kwata da bututu da kyau, tana kuma zuwa da abokiyar aiki mai suna Storm and Sanitary Analysis wadda ke lissafin ruwa, kuma ta nan nake fitar da fayil zuwa SWMM.

SWMM ta Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ce, tun 1971 ake amfani da ita, kuma kyauta ake sauke ta. Fuskarta ba ta da ado, amma tana nuna abin da lissafin takarda ba ya nunawa: yadda ruwa ke taruwa minti bayan minti, wace mahaɗa ce za ta fara tumbatsa, da yadda ƙaramin kwalbati ɗaya a ƙarshen unguwa zai sa ruwa ya koma baya ya cika kwatocin da aka ɗauka suna da yalwa. Fayil ɗinta rubutu ne zalla wanda za a iya buɗewa a karanta layi-layi, abin da ke taimakawa ƙwarai idan wani injiniya zai duba aikinka. Sai dai tsare-tsaren ruwan sama da ake samu a shirye cikin irin waɗannan manhajoji don yankunan Amurka aka yi su, ba don hadarin gabas da ke sauke ruwansa cikin awa ɗaya ba, saboda haka a nemi bayanan NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, na tashar da ta fi kusa a shigar da su. Haka kuma manhaja ba ta san cewa kwatarmu takan cika da yashi da leda ba, don haka nakan sake gwaji ina mai ɗauka cewa wani ɓangare na zurfin kwatar ya toshe. Idan rafi ya ratsa filin ko ya bi gefensa, sai a ƙara da HEC-RAS ta rundunar injiniyoyin sojan Amurka domin a ga iyakar ambaliya kafin a yanka fuloti a bakin ruwa.

Raunin wannan haɗi shi ne SWMM ba ta san abin da ya canza a Civil 3D ba. Idan aka sauke titi, tsayin ƙasan kwata ya canza, dole a sake fitar da fayil a sake lissafi, kuma a ofishin da aiki ya yi yawa wannan ne ake mantawa. Dabarar da muke bi ita ce shimfiɗar ƙasa guda ɗaya ce tak ake yarda da ita, mutum ɗaya ke da ikon taɓa ta, kuma kowane fayil da aka fitar ana rubuta kwanan wata a sunansa. Wajen aika wa wani ofishi shimfiɗar ƙasa ko layin titi, nau'in fayil na LandXML ya fi DWG aminci, domin abubuwan Civil 3D ba sa buɗewa yadda ya kamata a AutoCAD na gama-gari sai an mayar da su zane zalla. Wajen komawa QGIS kuma, domin shirya taswirar fulotai da za a kai hukumar filaye irin su KANGIS ko KADGIS, fayil ɗin taswira na shapefile yana yanke sunan kowane shafin bayani zuwa harafi 10, kuma idan ɗan fayil ɗinsa na .prj ya ɓace ma'aunin ya ɓace ke nan.

Ga ofishin da ke samun aikin unguwa a kai a kai, ina ba da shawarar wannan haɗi ba tare da shakka ba: a biya lasisin Civil 3D ko da na mutum ɗaya ne, sauran ma'aikata su ƙware a QGIS da SWMM. Wanda kuwa aikinsa bai wuce yankan fulotai ashirin ko talatin a fili mai shimfiɗe ba, QGIS da manhajar zane mai sauƙi sun ishe shi, muddin ya ba injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba masa magudanan ruwa. Mataki na ƙarshe a wurinmu shi ne mayar wa safiyo jerin ɗigogin kusurwar kowane fuloti da tsayin ƙasan kowace kwata, a kan ma'aunin da ya kawo awonsa tun farko, sannan in bi shi filin ranar kafa turaku da takardar a hannuna, mu gwada ɗigo uku ko huɗu a kan tsofaffin duwatsun iyaka kafin katafila ta shiga.