Tafiyar Asuba ko ta La'asar: Wacce Ta Fi Wa Ma'aikaci a Birnin Kebbi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ma'aikaci lokaci biyu gare shi na tafiya da ƙafa don motsa jiki: bayan Asuba ko bayan La'asar.

Ta Asuba ta fi ɗorewa. Ba taron ofis, ba baƙo, kuma a Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 da rana, sanyin safiya ne kaɗai jiki ke ɗauka. Sha ruwa kofi ɗaya, fara a hankali na minti biyar, sannan ƙara sauri har numfashi ya ɗagu amma kana iya magana. Abin da ke kashe ta rashin barci ne: wanda ke kwanciya ƙarfe sha biyu, kwana uku zai gaji ya bari. Sai yunwar dawowa, a afka wa ƙosai goma da shayi mai sukari cokali huɗu. Kunu da ƙosai uku, ko ƙwai biyu, sun wadatar. Da hunturu kuwa, ƙura na tayar wa mai asma ciwonsa.

Ta La'asar tana warware gajiyar zaman kujera, jiki ya riga ya saki. Amma ita ake fara yankewa: aiki ya ja, ko gaisuwar rasuwa ta taso. Wanda ya zaɓe ta ya ajiye takalmin tafiya a ofis, ya bar awa biyu bayan shinkafar rana, ya riƙe gorar ruwa a hannu.