Ganin wata: ido ko lissafi?

Ran 29 ga Sha'aban, da faɗuwar rana, masu duban wata kan fita fili su kafe ido yamma, inda jan sama ke dusashewa. A Najeriya wanda ya gani yakan kai shaida wurin hakimi ko sarki, kwamitin duban wata ya tantance, sannan Sarkin Musulmi ya sanar. Madogararsu hadisi ne: a ɗauki azumi da ganinsa, a sha ruwa da ganinsa. Saboda haka ilimin da ya bunƙasa a wannan hanya na auna mutum ne. Adali ne? Shaidu nawa ake bukata? Malamai sun cika littattafai a kan haka.

Masu lissafin falaki ba ruwansu da halin mai shaida. Tambayarsu ɗaya ce: a ina watan yake? Sun san jinjirin da bai yi nisan kusan digiri 7 daga rana ba, ido ba ya kama shi, ko da sama tangaran take.

A Indonesiya ƙungiyar Muhammadiyah na bin lissafi, Nahdlatul Ulama na bin gani. A 2023 Muhammadiyah ta yi Ƙaramar Salla ranar 21 ga Afrilu, gwamnati da Nahdlatul Ulama sai washegari.

Ni dai ban ga abin rigima ba. Ido kan ruɗu, balle cikin hazo, har a ɗauki Zara ko hasken jirgi a ce wata ne. Idan lissafi ya nuna watan ya riga rana faɗuwa a ranar, to ya kamata kwamiti ya sake zaunar da mai shaida ya tambaye shi abin da ya gani.