Akwatin tsattsewa da ƴan unguwa suka maƙala mana, sai a shekara ta biyu tsuntsayen suka zo

Mun kai shekara shida a Sheffield kafin in san cewa tsuntsayen nan baƙaƙe masu ihu da yamma a watan Yuni tsattsewa ce, dangin wadda muka saba gani tana shawagi a bakin zaure a gida. Waɗannan daga Afirka suke tasowa, wajen Kwango, su ratsa Afirka ta Yamma su ƙetare Sahara su iso Ingila farkon Mayu, zuwa Agusta sun juya. Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da ƴan sa-kai na unguwarmu masu maƙala musu akwati, don gyaran rufi da ake yi yanzu yana toshe ƴan ramukan da suke sheƙa a ciki, kuma abin tausayin shi ne ramin bara suke komawa, sai ka ga tsuntsu ya sha wannan tafiyar ya zo yana ta bugun bango a wurin da aka liƙe. Tun 2021 aka saka su a jan jeri na tsuntsayen da ke cikin haɗari a Birtaniya, fiye da rabinsu sun ragu daga 1995.

Akwatin kansa katako ne mai kauri, ƙofar ƴar siririya ce a kwance, tsawonta kamar milimita 65, a ciki akwai ɗan gurbi kamar ƙoƙo don kar ƙwai ya gangare. Aikin ya yi kyau gaskiya, damina biyu da sanyi biyu bai kumbura ba. Mutum biyu suka zo da doguwar tsani, suka ƙi sa shi a inda na nuna wai rana za ta dafa ƴaƴan, suka kai shi ɓangaren arewa ƙarƙashin rufi, sama da mita 5, inda babu bishiya ko waya a gaba saboda tsuntsun faɗowa yake yi daga ƙofa kafin ya buɗe fiffike. Ko minti arba'in ba su yi ba, shayi ma da ƙyar suka sha.

Inda na ji haushi shi ne ƴar sifikar da ke kunna kukansu don jawo su, ba a faɗa min tun farko cewa daban ake sayenta ba, shekarar farko haka akwatin ya zauna wayam, wallahi har na fara cewa asarar kuɗi ce. Kusoshin da suka zo da shi ma gajeru ne, sai da maigida ya sayo wasu. Da muka sa sifikar safe da yamma a shekara ta biyu, ƙarshen Yuni sai ga guda uku suna wucewa suna taɓa ƙofar da ƙirji, ranar ina shanya na ga ɗaya ya shige ciki fit, na saki kwandon na kira yara.

Mai son saye ya haɗa da sifikar tun ranar farko, ya kuma nemi ƴan unguwa don su a rukuni suke son zama, yanzu gida biyar ne a layinmu ke da akwati. Ba sa ɓata bango da kashi sosai kamar yadda na ji tsoro. Na saka namu a Swift Mapper, taswirar intanet ta wuraren sheƙarsu da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ke kula da ita, kuma na riga na biya kuɗin na biyu, za a maƙala shi gefen na farko a Afrilu.