Batman na 1939 ya fi son naushi a kan bincike

Na gama karanta kundin farko na The Batman Chronicles, wanda ya jero labaran Batman na fari bi da bi: mujallar Detective Comics daga fitowa ta 27 zuwa ta 38, sai Batman fitowa ta 1. Daga 1939 zuwa 1940 ke nan. Wanda a fim kawai ya san shi, da sulke da baƙar mota, zai sha mamaki, don a nan jar mota yake ja, kuma ba ya jin komai in rai ya salwanta a hannunsa.

Labarin farko shafi 6 ne kacal. An kashe wani attajiri mai kamfanin sinadarai, Kwamishinan 'yan sanda Gordon ya tafi duba gawa tare da abokinsa Bruce Wayne, wanda shi ne Batman a ɓoye. Ashe cikin abokan kasuwancin ne wani mai suna Stryker yake kawar da sauran don ya mallake kamfanin. Yaya Batman ya gano? Takardar yarjejeniya ya ƙwace a hannun makasan, ya karanta, shi ke nan. Naushi ɗaya Stryker ya auka tankin asid, gogan naka ko a jikinsa.

Nan ƙorafina yake. Na saya ne don labarin bin diddigin laifi, tunda sunan mujallar ma abin da ya yi alkawari ke nan, amma yawancin shafukan duka ne da tsalle ta taga. Zanen Bob Kane na farkon ma a sandare yake, kuma yadda aka zana 'yan Sin a wani labarin akwai raini a ciki ƙarara.

Sai da Joker, babban abokin gabar Batman, ya shigo kuɗina suka fita. Yana sanarwa a rediyo cewa ƙarfe 12 na dare zai kashe Henry Claridge ya sace lu'ulu'unsa. 'Yan sanda suka cika gidan maƙil, suna zagaye da mutumin. Agogo na bugawa ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa a yage da wata muguwar dariya, alhali babu wanda ya shigo. Da aka buɗe akwatin ƙarfen da aka ajiye shi, lu'ulu'un na gilashi ne. Tun daren jiya Joker ya yi masa allurar guba mai jinkirin kisa ya musanya dutsen. Na koma na sake karanta wannan wurin, don dabarar ta zauna daidai.

Bill Finger ne ya rubuta labaran nan biyu, na Stryker da na Joker, amma sai a 2015 aka fara sa sunansa kusa da na Kane a matsayin wanda suka ƙirƙiro Batman tare.

Da Turanci yake, mai sauƙi. Ɗan sakandare zai karanta ba wahala, amma ni ba zan miƙa wa ƙaramin yaro ba saboda yawan kisan.