Wane keke ya dace da hanyoyin ƙasar kuza a Filato?

Duk mai shirin sayen keke don yawo a Jos da kewayenta, ya fara sanin ƙasar da zai taka kafin ya shiga kasuwa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800. Hanya a nan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta Kano zuwa Wudil. Ka hau ka gangara, kafin numfashi ya dawo wani hawan ya tare ka.

Ga kuma abin da haƙar kuza ta bari. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara tonon ƙasar nan, a 1914 jirgin ƙasa daga Zariya ya iso don kwasar ma'adinin, daga baya aka kafa tashar lantarki a Kurra Falls domin injinan haƙa. Da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanonin da dama sun riga sun yi sanyi, sai suka ƙarasa watsewa. Suka bar ɗaruruwan kududdufai, da tarin jar ƙasa, da hanyoyin burji masu ratsa Rayfield, Bukuru, Bisichi da Barikin Ladi. Waɗannan hanyoyin su ne daɗin yawon keke a Filato, kuma su ne ke kunyata keken da aka saya don kyan fenti.

A fara da keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, tunda shi ne ke ɗaukar idon matasa. Na alminiyam nauyinsa kilo 9 zuwa 10, a kan kwalta mai kyau ba abin da ke kama shi. In niyyarka ka fita daga Jos ka wuce Bukuru da Mararrabar Jama'a, ka bi ta Heipang zuwa Barikin Ladi ko ma Mangu ka dawo a yini guda, shi ne abokin tafiya. Sai dai akwai tarko. Yawancin na hannun da ake shigowa da su daga Turai tsofaffin kekunan gasa ne, an yi musu giya don ƙarfafan 'yan tsere: haƙoran fayafayan sarƙa na gaba 53 da 39, mafi girman na baya 25. A shimfiɗe ba laifi, amma a doguwar hawa gwiwa ce za ta biya. Abin da za ka nema shi ne gaba 50 da 34, baya kuma mai kai wa 32 ko 34. Ka tsuguna ka ƙirga haƙoran da kanka, galibi ma an buga lambar a jikin ƙarfen. A ganina wannan ya fi sunan kamfanin da ke rubuce a jikin keken muhimmanci nesa ba kusa ba.

Taya ma haka. Tsofaffin suna zuwa da mai faɗin milimita 23, wadda ba ta son rami ko tsakuwa, kuma yashin da aka wanke daga ramukan kuza yana kwarara kan hanya da damina. Ka duba ko akwai sarari tsakanin taya da ƙarfen keken da zai ɗauki milimita 28, in ya ɗauki 32 ya fi. In bai ɗauka ba, ka sani ka sayi keken da ba zai taɓa sauka daga kwalta ba, alhali rabin abin kallon ƙasar nan yana bayan kwalta.

Keken dutse, mai kaurin taya da giya da yawa, shi ya fi cika kasuwa, kuma yana da hujjarsa. Tayarsa mai inci 26 kowane mai faci yana da ita, har a ƙauye. Giyarsa tana sauka ƙasa sosai, ko hanyar Lamingo ka bi ka nufi gindin Shere ba za ka sauka ka tura ba. Aibinsa nauyi da jan ƙafa a kan kwalta: kilomita 40 a kansa sai ka ji kamar ka yi 60. Wanda nake gargaɗi a kai shi ne sabo mai arha da ke da sifirin gaba da baya. Sifirin ba ya aikin komai sai cinye ƙarfin da kake zubawa a feda, ga nauyi ya wuce kilo 16, ga birki na ƙarfe marar ƙwari. Gara tsohon na hannu marar sifirin baya, a sa masa taya mai sumul, da sabon irin wancan.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wanda na fi ba mai farawa shawara a kai: mai miƙaƙƙen kai da manyan ƙafafu irin na tsere, amma tayarsa milimita 35 zuwa 38. Bai kai na tsere gudu ba, bai kai na dutse juriyar gargada ba, amma shi ne zai kai ka Vom ko Kuru ta kwalta, sannan in ka hango kududdufi mai koren ruwa a bayan gonar dankali ka karkata kan burji ba fargaba. Zaman da ake yi a kansa a miƙe yake, kana ganin mota da babur sosai, abin da ba ƙarami ba ne a cunkoson da ke tsakanin Jos da Bukuru. Akwai ɗan'uwansa mai lanƙwasasshen kai da ake ƙerawa don hanyar tsakuwa, wanda ya fi shi, amma tsadarsa ta sa ba kowa ba.

Tsohon baƙin keke irin Raleigh ko Phoenix fa? Ina girmama shi, ya yi wa iyayenmu hidima, kuma har gobe yana ɗaukar buhu zuwa kasuwa. Amma giya ɗaya gare shi, nauyinsa kusan kilo 20, birkin sandarsa kuma ba ya kamawa in ruwa ya taɓa ƙarfen taya. Ba na yawon tudu ba ne.

Maganar birki ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan rai yake. Damina a Filato tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, ruwan Yuli da Agusta kuwa sai ya wuni yana zuba. Birki mai faifai a tsakiyar ƙafa yana kamawa ko a jiƙe, na roba mai matse gefen ƙafa kuwa sai ya share ruwa tukuna. Cikin masu faifai, na waya ya fi sauƙin gyara a wurinmu a kan wanda ke aiki da mai, kowane mai gyaran keke zai iya ɗaure shi. Na roba ma ba abin yarwa ba ne in robar sabuwa ce kuma gefen ƙafar bai cinye ba. Sa yatsa ka shafa, in ka ji ya yi kwarmi, ƙafar ta kusa ƙarewa. Duk birkin da kake da shi, ban ba sabon mahayi shawarar gangara Hawan Kibo ba, ko da Assop Falls yake son gani. Hanyar manyan motoci ce masu saukowa da kaya, kuma kowa ya san tarihin haɗurranta. Hawan Panshanu a hanyar Bauchi ma sai wanda ƙafarsa da hannunsa suka ƙware.

In na hannu za ka saya, ka guji mai jikin kabon sai in ka san tarihinsa, domin yana tsagewa ta ciki ba a gani, kuma ba mai walda da zai ɗinke shi. A na alminiyam ka duba wuraren haɗi ko akwai tsaga. Kayan giya na kamfanin Shimano mai hawa 8 ko 9 a baya, wato Claris da Sora, sun fi mai hawa 11 arhar sarƙa da sauƙin samu. Kada ka karɓi keken da ya fi ƙarfin tsayinka don ya yi arha: ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, ya zama akwai sarari tsakaninka da sandar sama. Ka roƙi mai shago ya bar ka ka hau tudu mafi kusa, ka sauya kowace giya kana takawa.

Ka rage kuɗi kuma, kada keken ya cinye duka. Hular kwano wajibi ce, da fitila gaba da baya saboda hazon safiya, da tiyub biyu, da famfon da ya dace da bakin tiyub ɗinka, don siririn baki na kekunan tsere famfon mai faci ba ya shigarsa. Sanyin Disamba da Janairu yana buƙatar safar hannu da rigar iska. Kududdufan nan kuwa a kalle su daga nesa, suna da zurfi kuma gefensu yana zaftarewa, sun ci rayuka da yawa. Yankunan Riyom, Barikin Ladi, Mangu da Bokkos sun sha fama da tashin hankali, saboda haka ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin ka fita, ku tafi cikin ayari, ku juyo gida kafin la'asar ta yi sanyi.