Sunan kasuwanci ko kamfani? Ga mai son cin gashin kansa a aikin kwamfuta

Masu haɗa manhaja, shimfiɗa intanet a ofisoshi da ba da shawara kan na'urori sun yawaita a Bauchi, da yawansu 'yan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ne da suka gaji da jiran aikin gwamnati. Duk wanda ya yanke shawarar tsayawa da ƙafarsa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne irin rajistar da zai yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa.

Akwai masu aiki ba rajista, kuɗi na shiga asusunsu na kansu. Wannan ya ishi mai gyaran waya a Wunti, bai ishi mai neman kwangilar banki ko ƙungiyar agaji ba. Akwai kuma rajistar sunan kasuwanci, mai lambar BN. Tana da araha, amma a wurin doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne, bashin shago bashinka ne.

Ni kamfani mai lambar RC nake nuna wa kowa. Tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020, mutum ɗaya kan iya kafa kamfaninsa, ba sai ya je ya roƙi ƙaninsa ya sa hannu a matsayin darakta ba, kuma ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ba. Mafi ƙarancin jarin hannun jari naira 100,000 ne. Kamfani mutum ne daban a idon shari'a, don haka idan bayanan wani ofis suka lalace a hannunka har aka je kotu, kamfanin ake fara tuhuma. Sai dai fa in ka tsaya wa kamfanin lamuni da sunanka a banki, wannan kariyar ta tafi. Ga mai hangen kwangilar ma'aikatun tarayya, akan nemi shaidar biyan haraji, takardun PenCom (hukumar fansho), ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata), da rajistar NITDA (hukumar bunƙasa fasahar sadarwa), kuma duk sun fi zama daram a kan kamfani. Nauyinsa shi ne rahoton shekara-shekara ga CAC da lissafin da ba a wasa da shi. Idan aka cire maka haraji daga kuɗin aiki, ka nemi takardar shaida, kar ka bar musu.

Inda ake yanka mutane shi ne wajen ejan, wato mai yi wa mutane rajista a CAC. Wani ya taɓa karɓar kuɗina ya miƙo mini satifiket mai kyan gani, sai a banki aka ce lambar ta wani kamfani ce a Legas. Kafin ka biya ragowar kuɗi, shiga shafin binciken CAC ka rubuta sunan da kanka, kyauta ne. Wasu kuma rajistar gaske suke yi, amma su sa imel da lambar wayarsu, ta yadda duk shekara sai ka koma musu da kuɗi kafin ka taɓa komai naka. Akwai mai cusa sunan abokinsa cikin masu hannun jari, akwai mai yi maka BN ya caje ka kuɗin RC. Duba takardar bayanin kamfani layi-layi: sunanka, adireshinka, imel ɗinka, yawan hannun jarinka. Wanda ya ce zai samo maka shaidar haraji ta shekara 3 ga kamfanin da aka haifa jiya, ka rabu da shi tun kafin ya jefa ka hannun hukuma.