Kwanson banila na Madagaska: tsadarsa daga fure take farawa

Masu yin kek da aiskirim sun saba da filebon banila na kwalba, wanda mafi yawansa haɗin masana'anta ne. Kwanson banila na ainihi, wanda manyan kantuna ke sayarwa biyu-biyu a siririyar kwalba, ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa.

Wanda na saya baƙi ne mai sheƙi da ɗan maiƙo, yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Idan aka tsaga shi da wuƙa aka kankare ƙananan 'ya'yansa a cikin madara mai zafi, ƙamshin yakan fito a hankali, ya zauna cikin kek har bayan ya huce, babu ɗacin nan da filebon kwalba ke bari idan an cika shi.

Banila tsiro ne na dangin furannin da ake kira okid, asalinsa dazuzzukan Meziko, inda ƙudajen zuma na daji ke yi wa furensa barbara. A cikin furen akwai wata 'yar fata da ta raba ɓangaren namiji da na mace, don haka ba ya iya barbarar kansa. Da aka kai shi tsibiran Tekun Indiya, sai ya yi ta fure babu 'ya'ya, domin ƙwarin ba su bi shi ba. Madagaska tana da nata okid na daji, amma wannan banila baƙo ne a wurin. A 1841 ne Edmond Albius, yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Riyuniyon, ya gano dabarar ɗaga fatar da tsinke a matse furen da yatsa. Har yau haka manoman garuruwan Sambava da Antalaha na Madagaska ke yi, fure bayan fure, da safe, domin kowane fure yini ɗaya kawai yake buɗewa. Bayan nan kwanso yakan yi kusan wata 9 kafin ya nuna, sannan a shafe watanni ana shanya.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne kwalbar ba ta nuna shekarar girbi, alhali kwanson da ya daɗe yakan bushe ya rasa ƙamshi. Mai saye ya duba ta jikin kwalba, ya bar duk wanda ya ƙeƙashe ko ya yi ja. Ga mai sana'ar kek na kullum kuɗin zai yi nauyi, amma ga kek ɗin biki rabin kwanso ya wadatar.